Tayoyin Motata Sun Shekara 8 Amma Ba Su Ci Ba: In Canza Su Kafin In Ja Tirela?

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ina da a-kori-kura wadda ba hawan yau da kullum nake yi da ita ba. Aikinta jan tirela ne, sau biyar ko shida a shekara in doguwar tafiya ta kama, sauran lokaci kuwa tana ajiye a waje. Shekara 8 ke nan da na sa mata tayoyi huɗu sababbi, amma tafiyar da suka yi ba ta kai kilomita 30,000 ba. Zanensu yana nan da zurfinsa, ba su taɓa ganin faci ba, kuma ban ga kumburi a jikinsu ba. Tirelar da kayanta takan kai tan 3. Wani abokina ya ce in canza su, wani kuma ya ce zubar da kuɗi ne a cire tayar da ba ta sude ba. Wanne zan bi?

Amsa

Malam, ka canza su, kuma ka yi hakan kafin tafiyarka ta gaba. Da a ce ƙaramar mota ce da ake zagaya gari da ita a hankali, da zan iya cewa a duba su da kyau a ƙara musu ɗan lokaci. Amma taya mai shekara 8 da za ta ɗauki nauyin tirela mai tan 3 ta yi sa'o'i tana gudu a kan kwalta, wannan ba zan sa maka hannu a kai ba.

Abokinka na biyu ba wauta ya faɗa ba. Haka yawancinmu muka saba auna taya: a leƙa zanenta, in da saura a ce da rai. Kuma ga motar da ke kan hanya kullum wannan awon yana aiki, domin zanen yakan ƙare cikin shekara uku ko huɗu, tun kafin tsufa ya sami abin cewa. Matsalar ita ce zurfin zane tafiyar da taya ta yi kawai yake nunawa. Ba ya faɗin komai game da shekarunta. Motarka tana cikin irin waɗanda shekaru ke riga kwalta cinye musu taya, don haka mai duba zanenta kallon kitse yake yi wa rogo.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ke faruwa a cikin tayar, domin in ka gane shi sauran bayanin zai zo da sauƙi. Taya ba dunƙulen roba ba ce. Ƙarƙashin zanen da kake gani akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe, galibi hawa biyu, ƙarƙashinsu kuma akwai zaren da ya riƙe jikin tayar. Abin da ya haɗa waɗannan duka wata siririyar roba ce da aka shimfiɗa tsakaninsu, kuma ƙarfin tayar gaba ɗaya yana rataye ne a kan yadda wannan robar ta kama wayar. Iskar da kake bugawa a taya tana ɗauke da iskar oksijin. A hankali wannan iskar tana ratsa rufin ciki, ta isa ga robar da ke riƙe da wayoyi, ta riƙa sa ta bushewa da tauri. Robar da ta yi tauri ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata, sai ta fara tsagewa daga bakin ɗamarar, wato daidai kafaɗar taya. Tsagar tana faɗaɗa ta ciki, ba wanda ke ganinta, har ranar da zanen zai ɓare ya rabu da jikin tayar ana cikin gudu. Wannan tsufan daga ciki yake farawa, kuma yana tafiya ko motar na gudu ko tana ajiye.

Ajiyar ma tana da nata laifin. Masu ƙera taya suna cuɗa robar da wani irin kaki na masana'anta da wasu sinadarai masu kare ta daga rana da iskar ozon. Waɗannan sinadarai suna fitowa saman robar ne yayin da taya ke birgima tana lanƙwasuwa tana ɗaukar ɗumi. Tayar da ta yi wata biyu tsaye a wuri ɗaya, rana na dukan gefenta, ba ta samun wannan kariyar yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga motar haya mai aikin kullum gefen tayoyinta sumul, ta kusa da ita da aka lallaɓa aka ajiye kuwa duk ta yi tsage-tsage. Ƙarancin tafiyar da kake lissafawa a matsayin riba, ta wannan fuskar ba riba ba ce.

Sai zafi, wanda shi ne ke hanzarta komai. Masu ilimin sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa irin wannan lalacewar takan ninka saurinta duk lokacin da zafi ya ƙaru da kamar digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Bayan rikicin tayoyin Firestone a kan motocin Ford Explorer, wanda ya sa aka janye tayoyi miliyan 6.5 a watan Agustan 2000, hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta shiga binciken tsufan taya. Garin da ta je ta tattaro tsofaffin tayoyi don gwaji shi ne Phoenix a jihar Arizona, saboda tsananin zafinsa. Saboda haka shekara 8 a ƙasa mai sanyi daban, shekara 8 a inda rana ke gasa kwalta daban. In motarka a wuri mai zafi take kwana take yini, ka ɗauka tayoyin sun girmi shekarunsu.

Masu ƙera mota da masu ƙera taya ba su tsaya a kan adadi ɗaya ba, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da faɗi. Kamfanin Ford yana rubutawa a littafin motocinsa cewa a canza taya bayan shekara 6 ko da zanenta bai ci ba. Michelin da Bridgestone da Continental sun sa iyakar ƙarshe a shekara 10 daga ranar ƙerawa, kuma Michelin ya ce da zarar taya ta yi shekara 5 tana aiki, ƙwararre ya riƙa duba ta kowace shekara. A Birtaniya, tun daga 1 ga Fabrairun 2021 doka ta hana sa taya mai fiye da shekara 10 a gaban manyan motocin kaya da bas-bas. Abin da ya tayar da maganar shi ne hatsarin wata bas a 2012, inda taya mai shekara 19 ta yi bindiga, mutum uku suka rasu. Mutane suna son riƙe shekara 10 ɗin nan kamar alkawari ne aka yi musu. Ba alkawari ba ne, bango ne na ƙarshe, kuma an gina shi ne don tayar da ta sami kulawa da aiki mai sauƙi. Taka tana tsakanin 6 da 10, sannan aikinta shi ne mafi wuya da ake ba taya.

Kuma ka lura, shekara 8 da ka ambata daga ranar da ka sa su kake ƙirgawa. Je ka duba gefen kowace taya, za ka ga rubutun da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an ƙera ta a mako na 23 na 2016. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, don haka wataƙila sai ka leƙa ta ƙarƙashin mota. Ba abin mamaki ba ne ka tarar tayar ta yi shekara guda ko fiye a ɗakin ajiya kafin ta zo hannunka, ka ga mai 8 ta zama mai 9.

Yanzu ga abin da ya sa jan tirela ya bambanta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan maƙalar da ke bayan mota. Ga tan 3, wannan kilo 300 zuwa 450 ke nan. Kuma da yake maƙalar tana bayan tayoyin baya, nauyin yana danna bayan motar yana ɗaga gabanta, sai tayoyin baya su ɗauki fiye da wannan adadin. Ƙara da mutane da kayan da ke cikin bodi. Taya mai lodi tana ƙara lanƙwasuwa a kowane juyi, lanƙwasuwa tana haifar da zafi, zafin kuma yana taruwa ne daidai kafaɗar nan inda tsohuwar roba ta fi rauni. Tafiyar minti ashirin ba za ta tona asirin ba. Sa'a ta uku a kan babbar hanya da tsakar rana ita ke tonawa.

In kuwa abin ya faru, ba irin fashewar tayar ƙaramar mota ba ce. Tayoyin baya su ne ke riƙe mota a kan layinta. In ɗaya ta tafi, bayan motar ya karkata, ga tan 3 a baya yana turowa, tirelar ta fara lilo hagu da dama tana jan motar. Direba mai natsuwa zai riƙe sitiyari gam, ba zai taka birki da ƙarfi ba, zai sassauta totur a hankali har gudun ya ragu kafin ya gangara gefe. Faɗa da baki yana da sauƙi. Na fi son kada ka sami dalilin gwadawa.

Za ka iya cewa, to in kai wa ƙwararre ya duba mana. Kai masa, yana da kyau. Zai nemi tsage-tsage a gefe da cikin ramukan zane, kumburi, wurin da zanen ya tashi ko ya karkace, da robar da ta yi ƙyalli ta yi tauri. In ya cire tayar daga rim zai ga cikinta ma. Kai kanka in ka ji wata sabuwar rawa a sitiyari ko a kujera wadda da babu ita, kada ka raina ta, domin ɗamarar da ta fara rabuwa haka take sanarwa. Sai dai ka san iyakar wannan dubawar. Tana iya tabbatar maka cewa taya ta mutu. Ba ta iya tabbatar maka cewa taya mai shekara 8 lafiyarta ƙalau, tunda wurin da ake tsoro yana binne tsakanin waya da roba. Mai dubawa na gaskiya zai ce maka bai ga aibu ba, ba zai ce babu ba.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba: robar da ta tsufa ba ta kama hanya kamar da, musamman in an yi ruwa. Zanen yana nan yana kore ruwan, amma fuskar robar ta yi tauri, sai birki ya ƙara nisa. Da tirela a baya, mita biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar kuɗi kuwa, ka lissafa ta haka. Ko yau ko nan da shekara biyu dole ka sayi tayoyin nan, domin za su ci karo da iyakar shekara 10 zanensu bai ƙare ba. Abin da kake ceto in ka jinkirta bai wuce jinkirin ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai motar, da tirelar, da kayanta, da mutanen da ke ciki, da waɗanda ke bayanka a hanya. In aljihu bai kai huɗu a lokaci ɗaya ba, sayi biyu ka sa su a baya, ka ɗage doguwar tafiya da lodi har ka cike sauran. Tsofaffin da ka cire kada su koma kan tirela, can ma aikin lodi ne.

In ka tashi saye, duba lambar DOT kafin a ɗaura, ka nemi waɗanda ba su wuce shekara guda da ƙerawa ba. Kada ka sauka ƙasa da ƙarfin lodin da aka rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. In motar da tayoyin LT ta zo, wato na ƙananan motocin kaya, LT za ka mayar, kada a lallashe ka da na motar fasinja don girmansu ɗaya. Lambar lodi tana gefen taya: 121, alal misali, tana nufin kilo 1,450 a kan taya ɗaya, amma fa sai an buga mata iskar da ta dace. Taya mai ƙarancin iska ba ta ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta, ko da jiya aka ƙera ta. Kuma tunda ka san shekaru ne za su kashe maka taya ba tafiya ba, babu amfanin ƙara kuɗi a kan wadda ake tallata da dogon zango. Sa kuɗinka a kan ƙarfin lodi da ingancin kamfani.

A canza bawul tare da tayar, shi ma roba ne kuma shekarunsu ɗaya. In iskar da motarka ke buƙata ta haura 65 psi (psi shi ne ma'aunin matsin iskar taya), ka ce a sa maka bawul mai ɗaukar matsi mai yawa, domin na roba na gama-gari iyakarsa ke nan. Ka riƙa auna iska da geji da safe kafin motar ta motsa, musamman ranar tafiya, saboda taya tana rage kamar psi ɗaya a wata ko ba ta huje ba, motar da ta yi wata uku a ajiye kuwa ka ga abin da ya taru. Tsakanin tafiya da tafiya, ka rufe tayoyin daga rana ko ka sami inuwa, kuma duk mako biyu ko uku ka fita da motar ta yi tafiyar da za ta ɗumama su.

Ka duba safayar da ke rataye ƙarƙashin bodi. In ba a taɓa sauke ta ba, to shekarunta ɗaya da motar, ta girmi sauran huɗun ma. Sannan tayoyin tirelar kanta, waɗanda ba ka ambata ba: sun fi na motar zama a wuri ɗaya, kuma da yawa daga cikin masu alamar ST, wato waɗanda aka yi musamman don tirela, an ƙera su ne don gudun da bai wuce kilomita 105 a sa'a ba. Karanta lambar DOT ɗinsu a ranar da za ka karanta ta motar.