Manhajata na fitar da malamai suna tsakiyar shigar da maki, ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina wa wata makarantar sakandare a nan Jos manhajar shigar da makin jarrabawa da PHP, a kan saba (server, kwamfutar da ke ɗauke da manhajar) mai Ubuntu 22.04 da Apache. Malami zai shafe minti 40 yana cike makin aji guda, da ya danna maɓallin ajiyewa sai ta mayar da shi shafin shiga, makin ya bi ruwa. Na sa ini_set('session.gc_maxlifetime', 7200) a kod ɗina, ba abin da ya canza. Abin mamaki, kwamfutar ofishin shugaban makaranta ko kwana ta yi a kunne ba ta fita. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya. Saba ba ta ganin abin da mutum ke yi a gaban allo, abin da ta sani kawai shi ne lokacin da saƙo na ƙarshe ya iso mata daga burauza. Malamin da ke buga maki tsawon minti 40 bai aika mata komai ba, don haka a wurinta ya tashi ya tafi. Shafin shugaban makaranta kuwa, ina kyautata zaton akwai ɗan kod a cikinsa da ke leƙa saba duk bayan minti ɗaya don sabunta sanarwa ko alƙaluma. Kowace leƙawa tana sabunta zaman shigarsa (session, wato bayanin da saba ke riƙewa cewa mutum ya shiga), ko da babu kowa a ofishin.

Mu fara da ini_set ɗinka. A asali PHP na ba fayil ɗin zama daƙiƙa 1440, wato minti 24, kafin a ɗauke shi a matsayin shara. To amma a Ubuntu da Debian ba PHP ɗin da ke gudanar da shafinka ne ke sharar ba. An kashe masa wannan aikin, an sa session.gc_probability a 0, an miƙa shi ga wani ɗan shiri na daban da ke tashi sau biyu a awa, a minti na 9 da na 39, ya share tsofaffin fayiloli daga /var/lib/php/sessions. Wannan shirin php.ini yake karantawa, bai san da kod ɗinka ba. Shi ya sa zaman ke mutuwa tsakanin minti 24 zuwa 54 na shiru, gwargwadon lokacin da mai sharar ya zagayo. Idan malamai sun ce wani lokaci ta yi haƙuri, wani lokaci ta kore su da wuri, dalilin ke nan.

Buɗe /etc/php/8.1/apache2/php.ini, ka mayar da session.gc_maxlifetime zuwa 28800, awa 8 ke nan, ka sake tayar da Apache. Kula da foldar: wadda ake kira cli ta layin umarni ce, ba ta Apache ba.

Kafin ka gamsu, tabbatar. Shiga manhajar, danna F12 a Chrome, ka je ɓangaren Application ka kwafi lambar kukin PHPSESSID (ɗan bayanin da burauza ke riƙewa don saba ta gane zamanka). A saba akwai fayil mai suna sess_ haɗe da wannan lambar. Bar shafin awa ɗaya, sannan ka duba su biyun kafin ka taɓa komai. Kuki na nan, fayil ya ɓace: mai shara ne. Idan ka riga ka sabunta shafin, kana iya tarar da fayil mai wannan suna amma babu komai a cikinsa, shi ma amsar ɗaya ce. Idan kukin ne ya ɓace ko ya canza, duba ko mutane na yawo tsakanin adireshi mai www da marar shi, ko tsakanin http da https alhali kukin na ɗauke da alamar Secure.

Idan kuki da fayil duk suna nan lafiya, to kod ɗinka ne ke korar su, kuma abu biyu na fi zargi. Na farko, ɗaure zama da adireshin IP. A takarda dabara ce mai kyau, a ƙasar nan kuwa wahala ce zalla. An ɗauke wuta, Wi-Fi ɗin makaranta ya mutu, malami ya koma kan datar wayarsa, adireshi ya canza, an fitar da shi. Ko a kan layi ɗaya ma kamfanonin waya na sauya adireshin ba tare da mai wayar ya yi komai ba. Cire wannan sharaɗin. Na biyu, agogo. Najeriya na gaban UTC, ma'aunin agogon duniya, da awa ɗaya, yawancin sabobi kuma a UTC suke. Idan an rubuta lokacin ƙarewa da agogo ɗaya aka gwada shi da ɗayan, zama zai yi asarar awa guda ko ya ƙaru da ita. Yi lissafinka da time() kawai.

Awa 8 ɗin nan rufin sama ne, ba lokacin fitarwa ba. Fitarwar ka rubuta ta da kanka: ajiye lokacin motsi na ƙarshe a cikin zaman, duk saƙon da ya zo ka cire shi daga time(), idan ya wuce iyaka ka rushe zaman a saba. Shawarar OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhajoji, ita ce minti 2 zuwa 5 na shiru ga manhajoji masu haɗari sosai, 15 zuwa 30 ga masu sauƙi. Maki a ɗakin malamai da ɗalibai ke shiga, ni minti 20 zan sa. Sai ka ware leƙawar da shafin shugaban makaranta ke yi, ta bi ta wannan gwajin amma kada ta sabunta lokacin motsi.

Su kuma malamai, bari bugun maki ya zama motsi. Duk bayan minti biyu ko uku, idan an taɓa wani akwati a fom ɗin, shafin ya aika makin da aka cike zuwa saba a matsayin daftari. Zaman ya rayu, makin ya tsira ko da wuta ta ɗauke. Idan ba a taɓa komai ba, kada ya aika. Saura minti biyu a fitar da mutum, nuna masa gargaɗi da maɓallin ci gaba. Kada ka dogara da setTimeout mai tsawo don wannan, domin burauza na rage masa gudu a shafin da ke ɓoye, kuma yana tsayawa idan aka rufe murfin kwamfuta. Duk lokacin da aka dawo kan shafin, tambayi saba saura nawa.

Wani tarko da zai same ka da zarar ka fara aika daftari da fetch, hanyar JavaScript ta aika saƙo ba tare da an bar shafi ba: idan zama ya mutu kuma saba ta amsa da 302 zuwa shafin shiga, fetch zai bi shi shiru, ya dawo da HTML ɗauke da 200, lambar da ke nufin komai lafiya, kod ɗinka ya ɗauka an ajiye ko ya faɗi wajen karanta JSON. Ga irin waɗannan saƙonni mayar da 401, lambar da ke nufin ba a shiga ba. Da shafin ya ga 401, ya buɗe ƙaramin akwatin shiga a saman fom ɗin ba tare da ya bar shafin ba, malami ya sa kalmar sirrinsa, ka karɓo sabuwar lambar CSRF (ta kare fom daga saƙon jabu) idan kana amfani da ita, ka sake aika makin. Shafukan maki kuma ka sa musu Cache-Control: no-store, don kada ɗalibi ya danna maɓallin komawa baya bayan an fitar da malami ya ga makin ajin gaba ɗaya.