Amosanin kai da ya ƙi jin mai

'Yar'uwa, kin ce amosani na zubo miki kamar dusa tun shigowar hunturu, kina ta shafa man zaitun amma ƙaiƙayin ƙaruwa yake. Ki dakata da man nan tukuna. Yawancin amosani wani naman gwari ne (ƙwayar cuta da ido ba ya gani) mai suna Malassezia ke tayar da shi, kuma maiƙo ne abincinsa. Ga zafin Sakkwato, ga gumi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, sai ya samu wurin zama.

Ki nemi shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100 a kemis, ko mai selenium sulfide. Ki tsefe kitson, ki cuɗa shamfun a fatar kan da tafin yatsu, kada ki sa farce. Ki bar kumfar minti 5 kafin ki ɗauraye. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna wankewa nan take maganin bai yi aiki ba. Sau 2 a mako har mako 4, daga nan sau 1 a mako don kada ya dawo. Kan ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali.

Idan wata guda ya wuce ba sauƙi, ko kan ya yi ja, yana ruwa ko mugunya, ki ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yaro kuwa da gashinsa ke zubewa wuri-wuri, mai yiwuwa makero ne, wannan sai maganin sha da likita zai rubuta.