Amsa ga mai tambaya kan adana hotunan da 'yan ƙwallo suka sa wa hannu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: kana da tarin hotunan 'yan Super Eagles da na wasu 'yan Kannywood da suka sa maka hannu a kai, rubutun wasu ya fara dusashewa, ɗaya ya manne da gilashin firam, kuma ana ba ka shawara ka kai su duka a yi musu laminetin. To, kafin komai, don Allah kada ka kai su. Na daɗe ina tara irin waɗannan hotuna, kuma duk wanda na ga ya lalace a hannun mutane, yawanci ba sakaci ne ya lalata shi ba, ƙoƙarin gyara ne.

Injin laminetin da zafi yake aiki, ya narka gam ya liƙe leda a fuskar hoton. Tawadar sa hannu kuwa ba cikin takarda take ba, a saman fatar hoton take zaune, musamman idan hoton mai sheƙi ne. Zafin kan sa ta baje, gam ɗin kuma ya kama ta. Daga ranar babu mai iya raba su. Bayan 'yan shekaru gefen ledar ya buɗe, danshi ya shiga ya kasa fita, sai ka ga launi yana zagwanyewa daga baki-baki. Ka duba tsofaffin takardun shaidar makaranta da aka yi wa haka, za ka ga abin da nake nufi. Masu saye ma ba sa kallon hoton da aka liƙe da daraja. Hoton da Rashidi Yekini ya sa wa hannu, mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994 kuma ya rasu a 2012, ina za ka sake samo wani? Haka na marigayi Rabilu Musa Ibro. Abin da ba ya maimaituwa ba a yi masa aikin da ba ya warwaruwa.

Dusashewar rubutu kuma aikin haske ne. Tawadar biro da ta alƙalamin nan mai kauri irin Sharpie rini ce, rana na cinye ta, fitilar ɗaki ma tana yi a hankali. Baƙin rubutu ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya koma inuwa, alhali hoton kansa yana nan da sauran ƙarfinsa. Wanda ya riga ya dusashe ba ya dawowa, kuma kada ka bari wani ya ce zai bi maka sawun rubutun da sabon alƙalami. Idan aka yi haka ya tashi daga sa hannun Kanu ya koma na mai bin sawu. Abin da nake yi shi ne in kai hoton a yi masa sikanin mai kyau, a ce wa mai injin ya sa ma'aunin kaifin hoton, wato dpi, a 600, a wanke kwafi, in sa kwafin a firam a falo. Na asalin yana cikin duhu. Baƙo ba zai gane bambanci ba, in kuma ya matsa sai ya ga na ainihi, a ɗauko masa ya gani a mayar.

Yanzu maganar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato yanayinmu. Masu aikin adana hotuna a ɗakunan tarihi suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, ɗaki kuma ya kasance da sanyi, kada ya wuce digiri 21. Mu kuwa a Kano da kewaye, Afrilu kan kai mu digiri 40, a Agusta laima ta haura kashi 70, da hunturu kuma ta faɗo ƙasa da 20 da rana. Fatar hoto irin na wanki tana shan danshi tana kumbura, tana bushewa tana tsukewa. Shi ya sa da hunturu za ka ga hoto ya nannaɗe, da damina kuma ya yi danƙo ya kama duk abin da ya taɓa shi. Idan laima ta daɗe sama da kashi 65, fumfuna ta fara fitowa, ita kuma fatar hoton ce abincinta. Mu da wutar lantarki ba ta zama, batun na'urar sanyaya ɗaki dare da rana mafarki ne. Abin da za mu iya shi ne mu rage wa hoton wannan hawa da sauka.

Ka nemi mazubi na roba mai murfin da ke rufuwa gam, irin na ajiye abinci. Ka jera hotunan a kwance, kowanne cikin rigarsa ta leda, kada nauyi ya yi yawa a kan na ƙasa. Ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, amma ka sani suna ƙoshi. Idan sun sha sun cika sai an gasa su ko a sauya. Akwai masu launin lemo da ke komawa kore idan sun cika, su suka fi sauƙin lura. Dabara ɗaya da ta yi mini amfani: in rufe mazubin a ranar da iska ta bushe, kada in buɗe shi ranar da aka kwana ana ruwa. Ka ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a kan kanta, nesa da bangon da ruwa ke duka. Ban da saman wadirob da ke dab da rufin kwano, ban da ƙasan gado inda gara da ambaliya ke fara isa. Akwatin ƙarfe irin na da yana tsatsa, yana kuma ɗaukar zafi. Kafur ma kada ka sa a ciki. Ka sa shi a waje idan kyankyaso kake tsoro. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro suna barin maiƙo a fuskar hoto, don haka ɗakin uwargida ba wurinsu ba ne, a yi haƙuri.

Rigar da na ambata, nan mutane ke faɗawa rami. Ba kowace leda ce ta dace ba. Ledar albam mai taushi, mai warin sabuwar roba, yawanci PVC ce. Tana fitar da wani maiƙo da ke narkar da tawada, ranar da ka zaro hoton sai ka tarar da sa hannun ya koma jikin ledar. Idan akwai alamar kusurwa uku a jikin fakitin, lamba 3 ita ce PVC, ka guje ta. Lamba 5 da lamba 1 su ne masu lafiya, ana rubuta musu PP da PET. Albam ɗin nan na da, mai shafi mai danƙo da ake ɗaga leda a manna hoto, shi ma ka fitar da su daga ciki in suna fita ba tare da gardama ba. Idan ba ka samu rigar kirki ba, farar takarda marar rubutu a tsakanin hoto da hoto ta fi muguwar leda. Salatif, gam, fil da robar ɗaure kuɗi duk kada su kusance su. Ka riƙa kama hoto ta gefe da wankakken hannu busasshe.

Shi wanda ya manne da gilashi, kada ka ja shi, kada kuma ka jiƙa shi. Ana jiƙa hoto a raba shi da gilashi, amma wannan ga wanda babu rubutu a kansa ne. Naka ruwa na iya tafiya da tawadar. Ka cire katakon firam ɗin, ka bar hoton da gilashinsa, a yi sikanin ta cikin gilashin, sannan ka naɗe su tare ka ajiye a kwance. Nan gaba in dole sai ka rataye na asali, ka ce wa mai firam ya sa kwali mai taga a tsakani don kada fuskar hoton ta taɓa gilashi, a kuma rataye shi a bangon da rana ba ta kai wa.

Sai abu guda da ba ka tambaya ba. Ka rubuta labarin kowane hoto a wata takarda daban: wa ya sa hannu, a ina, wace rana, wa ke wurin. Idan kun ɗauki hoto tare a lokacin, ka wanke shi ka haɗa. Kada ka rubuta a bayan hoton da biro, yana hudowa ta gaba, yana kuma shafar na ƙasansa. Wannan takardar ita ce hujjarka ranar da wani zai ce ai bugawa aka yi, domin akwai hotunan da ake buga su da sa hannun a jiki. Ka karkata hoton a gaban fitila: tawadar gaske tana da nata sheƙi daban da na takardar, ta bugu kuwa shafe take da hoton.

Ka ɗauko mana hoton wanda ya manne ɗin, gaba da baya, mu ga iya inda ya kama kafin ka taɓa shi.