Labarin ɗan sandan ƙauye zai yi armashi ba tare da jini ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina ɗinki, ina kuma taɓa rubutu a waya. Ina son rubuta littafin wani kofur da ke gano masu laifi a ƙaramin ƙauye, amma ba harbi ba jini. Ƙawayena sun ce zai yi lami. Ga shi tun ina yarinya rabona da ƙauye.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ban yarda da ƙawayenki ba. Irin wannan labari ya yi tashe a Ingila tsakanin 1920 da 1940, kuma har gobe ana sayensa, domin abin da ke riƙe mai karatu shi ne ƙaguwar sanin wanda ya aikata. Kuɗin adashe da suka ɓace ranar kwasa, ko bijimin da aka kwance daren kasuwa, sun isa littafi guda, in dai waɗanda ake zargi ba su wuce biyar ba kuma kowa yana da abin da yake ɓoyewa.

Inda nake so ki zuba ƙarfinki shi ne matsayin kofur ɗin. Ɗan sandan Najeriya ma'aikacin tarayya ne, turo shi ake yi, sau da yawa ba ɗan garin ba ne. Yana ƙaramin ofis, mai gidansa DPO yana can nesa. Kafin magana ta iso caji ofis ta biya wajen mai unguwa da dagaci, su kuwa sulhu suke so, don ɓarawon ɗan wani ne, surukin wani ne, gobe za a haɗu a wajen suna. Kofur yana son gaskiya ta fito, gari yana son asiri ya rufu, kuma babu mugu a cikinsu. Wannan jan-in-ja ya fi bindiga daɗin karatu. Dole ya koyi zama teburin mai shayi, ya san gaishe da tsofaffi, ya lura da wanda ya daina cin bashi kwatsam.

Doka ma za ta taimake ki. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana 2. Kin ga lokaci ya ƙure wa kofur ɗinki ba tare da kin ƙirƙiro komai ba. In kuwa labarin zamanin baya kike so, akwai 'yan doka, wato 'yan sandan hukumar gargajiya ta En'e, waɗanda aka haɗe da 'yan sandan tarayya lokacin mulkin Gowon.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa: duk alamar da kofur ya gani, mai karatu ma ya gan ta. Kada a shafin ƙarshe ki jawo baƙon da ba a taɓa ambata ba, ko ki ce a mafarki aka nuna masa.

Batun nisa da ƙauye kuwa, kada ya dame ki. Mayankar Oko-Oba tana nan kusa da ke, cike da dillalan shanu da suka san yadda ake shaida dabba da yadda ake bin sawunta. A kasuwar Mile 12 kullum motocin albasa da tumatir na sauka da mutanen da jiya suke gona. Ki je tare da wani babba da suka sani, ki tambaye su yadda aka taɓa kama ɓarawo a garinsu, ki rubuta kalmominsu yadda suka faɗa.