Ka ba shi igiya kafin ka ba shi biro

Jiya muna kwaɓa siminti ka ce min ƙanenka ɗan aji huɗu ya dawo da aikin gida na lissafin kewaye, kun yi ta fama har bayan isha'i, shi yana kuka kai kana tsawa. Ka tambaye ni yadda za ka yi ya gane. Lokacin hannuna ba ya sarari, ga amsar yanzu.

Ka rufe masa littafin tukuna. Ka ɗauki igiyar da muke shata harsashi da ita, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka ce ya bi bakinta da igiyar daga kusurwa ɗaya har ya dawo inda ya faro. Ku ƙulla a nan, ku miƙe igiyar, ku auna da tef. Abin da tef ya nuna shi ne kewaye. Yaron da ya zagaya abu da hannunsa ba zai manta gefe biyu ba, kuma mantuwar nan ita ce babbar cutar masu koyo.

Ni ma ta kama ni, ina da gemu a lokacin. Maigidana ya aike ni in ƙiyasta bulon katangar fuloti mai ƙafa 50 da 100. Na haɗa 50 da 100, na samu 150, na dawo ina taƙama. Bai ce uffan ba. Sai ya sa na taka filin da ƙafata, ina isa kusurwa ta uku na ga ashe rabin hanya na yi. Ƙafa 300 ne: tsawo biyu, faɗi biyu. Bulo mai inci 9 tsawonsa inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi, ke nan sahu ɗaya zai ci bulo kusan 200, ni kuwa 100 na lissafa. In za a bar get mai ƙafa 12, sai ka cire takwas. Ka ba yaron wannan labarin, yara na son su ji babba ya sha kunya.

Sai bayan ya auna tabarma, ƙofa da allonsa na makarantar allo, za ka nuna masa gajeriyar hanyar da malaminsu ya rubuta: a haɗa tsawo da faɗi a ninka biyu. In gefe huɗun daidai suke, a ninka guda sau huɗu. Mai kusurwa uku kuwa babu wata dabara, a tara ukun kawai. Ka sa ya auna ɗaki da takunsa, kai ma ka auna da naka. In lissafinku ya saɓa, zai gane da kansa dalilin da ya sa ake rubuta mita ko santimita a bayan amsa.

Inda za ka sa ido sosai shi ne kada ya cakuɗa kewaye da girman fili. Katanga daban, daɓe daban. Fili mai 50 da 100 da fili mai 75 da 75 duk katangarsu ƙafa 300 ce, amma cikin na farko murabba'in ƙafa 5,000 ne, na biyu 5,625. Manya ma na ruɗewa a nan, dillalai sun sani.

In an zana musu siffa mai lungu, kamar ɗakin da aka gutsure wa kusurwa ɗaya, ya ɗora fensir a wuri guda ya riƙa yi wa kowane gefe alama yana tafiya. Gefen da ba a rubuta wa lamba ba, ya nemo shi daga na daura da shi.

Da'ira ka bar ta sai sun kai can. In ya matsa, ku zagaya bakin bokiti da igiya, zai ga ya ninka faɗin sau uku da ɗan ɗoriya.

Igiyar tana cikin buhun kayan aiki, ƙarƙashin cebur. Ka dawo min da ita ranar Asabar, muna da shata.