Tambayoyinku: Surukina zai kai ni kallon besbol a Amurka, in je ko in ba shi haƙuri?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 63. 'Yata tana aure a birnin Niyok, ta haihu, kuma in Allah ya yarda ni da mahaifiyarta za mu je ganin jika a watan Oktoba. Mijinta ya aiko mini cewa idan ƙungiyarsa, wai ita Mets, ta kai wasannin ƙarshen kaka na besbol, zai yanka mana tikiti mu shiga fili tare. Da na matsa wa yarinyar ta faɗa mini kuɗin, na buga lissafi da naira, sai na ga buhunan shinkafa a jere. Ni ban san wasan nan ba, iyakacina Pillars. In je ko in ba shi haƙuri? Kuma ina ni ina zama gefen suruki ana ihu?

Wani Alhaji daga Fagge

AMSA

Wa alaikumus salam. Alhaji, barka da arziki, Allah ya raya mana. Ka je. Amma ka gaya wa surukin naka cewa akwai wani mai rubutu a Kano da ke riƙe da Mets a rai tun 2015, dalilin yana tafe.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ƙungiya ɗaya ta baza mutum tara a fili, ɗayar tana turo 'yan wasanta ɗai-ɗai, kowa da gorarsa. Mai jifa zai wurgo ƙwallo, girmanta bai wuce lemon zaƙi ba amma ga tauri, gudunta kan haura kilomita 150 a awa. Mai gora in ya dace ya maka ta sai ya yar da gorar ya sheƙa. Tasha huɗu ce a fili, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci ɗaya, kamar dai ruwa a langa da ake tare shi kada ya sha. In ƙwallon ta tsallake katanga, shi da duk wanda ke kan tasha sun dawo gida a ɓagas. Mai gora in ya kuskure sau uku ya fita, in an fitar da mutum uku sai a yi musanya. Haka za a yi har zango tara. Babu canjaras, in an yi kunnen doki sai a ƙara zango, babu usur ɗin tashi. A 2018 Dodgers da Red Sox sun yi wasa ɗaya na zango 18, awa bakwai da minti 20. Kada wannan ya tsorata ka, yawanci wajen awa uku ne.

Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Wasan watan Yuni hira ce kawai, mutane na cin gyaɗa suna duba waya, in an sha kashi yau gobe ma akwai wani. Oktoba kuwa 12 ne suka rage. Zagayen farko wanda ya fara cin biyu ya wuce, na biyu wanda ya fara cin uku, na kusa da ƙarshe da kuma na ƙarshen, wanda suke kira World Series, wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai.

Nan ne tarkon tikiti yake, ka sa kunne. Ana sayar da tikitin wasa na biyar da na shida da na bakwai tun ba a san ko za a buga su ba. In wata ƙungiya ta ci huɗu a jere, shi ke nan, a mayar maka da kuɗinka ka zauna a gida. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Tunda kwanakinka ƙidayayyu ne, ka tambayi surukin naka wasa na nawa zai saya. In so kake lallai ka shiga fili, na ɗaya zuwa na huɗu ne tabbas a zagaye mai bakwai. In so kake ka ga daren da ake yin ta ta ƙare, to sai ka yarda da cewa wataƙila ba za a kai can ba.

Ni na ga irin wannan daren sau ɗaya. A 2015 na je kwas na wata uku a Shikago, na sauka wajen wani ɗan'uwa ɗan Gwammaja da ya daɗe yana tuƙin tasi a can. Maƙwabcinsa wani dattijon Bature ne, mai kujera biyu a filin Wrigley, gidan ƙungiyar Cubs ta Shikago, filin da aka buɗe tun 1914. A zagayen kusa da ƙarshe Mets ta riga ta ci Cubs wasa uku a jere, ranar 21 ga Oktoba za a yi na huɗu, in Cubs ta faɗi kakarta ta ƙare. Matar dattijon ta ce ita zuciyarta ba za ta ɗauka ba, kujerarta ta faɗo kaina.

A jirgin ƙasa ya ba ni tarihi. Rabon Cubs da kofi tun 1908, shekara biyar ke nan bayan Turawa sun ci Kano. Mahaifinsa an haife shi bayan nan, ya rayu ya mutu bai gani ba. Har camfi suke da shi, wai a 1945 an kori wani mai mashaya daga filin saboda ya shigo da akuyarsa, shi ne ya yi wa ƙungiyar baki. Sunan akuyar Murphy. Kuma ɗan wasan Mets da ke yi musu ɓarin makauniya a wannan makon sunansa Daniel Murphy. Na yi dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Daga ranar na daina yarda da masu cewa mu ne kaɗai ke binne laya a bakin raga.

Mun shiga, mutum sama da 40,000 a tsaye suna kaɗa tawul. Kafin in gama gane inda tasha ta farko take, Mets ta ci huɗu a zangon farko, ta ƙara biyu a na biyu. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a taro ba, har muryar mai tallan gyaɗa da ke can ƙasa muna ji. Dattijon yana da wata takarda mai gidaje-gidaje a cinyarsa da guntun fensir, kowane bugu sai ya rubuta. Na ga hannunsa na rawa, bakin fensirin ya karye, ya laluba aljihu ya zaro wani ya ci gaba. Tikitin wasa na biyar na cikin wannan aljihun, ya nuna mini kafin mu shiga.

Abin da talabijin ba ya ba ka shi ne tsakanin jifa da jifa. Idan an fitar da biyu, mai gora kuma saura kuskure ɗaya ya bi su, duk filin sai ya miƙe, ba wanda ya ce a tashi. Mai jifa ya tsaya, ya kalli mai cafe ƙwallo da ke bayan mai gora, ya girgiza kai, ya waiwayi tasha. Kai da ba ka san dokar ba sai ka tsinci kanka ka riƙe numfashi. Sannan ga ƙarar gora in ta samu ƙwallo daidai, ƙas, kamar an karya busasshen ice, kafin ido ya gano inda ta nufa kunne ya riga ya ba ka labari. An tashi takwas da uku, Murphy ɗin nan ma sai da ya tsallakar da ɗaya a zango na takwas. Baƙi na rungume-rungume a tsakar fili, masu gida kuma suka tsaya suna tafa wa yaransu da aka lallasa. Ba wanda ya jefa ko ledar ruwa. Na tuna wasu ranaku a filayenmu, na ja bakina na yi shiru.

Kai da ka san Ƙofar Mata ranar babban wasa, ka san yadda "Sai Masu Gida" ke tashi daga ɓangare ɗaya ya zagaye fili a shekarun da Pillars ta ɗauki kofin lig sau uku a jere, 2012 zuwa 2014, ba baƙo ba ne a wannan harkar. Dokar ce kawai sabuwa. Fargabar ita ce wadda ka sani, kuma ita za ka biya kuɗi ka shiga, domin nasara ba ta cikin tikiti.

Sai guzuri. Filin Mets yana unguwar Queens, jirgin ƙasa mai lamba 7 yana ajiye mutum a bakinsa, kada ku wahalar da kanku da mota. Daren Oktoba a can ya fi hunturun Janairu cizo. Ranar da na je su suna cewa yau babu sanyi, ni kuwa haƙorana na haɗuwa. Ka sa rigar sanyi mai kauri a ƙarƙashin kaftani, da safa, babbar riga kuma a bar ta a gida domin kujerun a matse suke. Tikitin a waya yake zuwa, a cika ta da caji tun da rana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ana caje jaka a ƙofa, ka shiga hannu biyu ya fi sauƙi. Ka ci tuwon 'yarka ka ƙoshi kafin ku fita. Naman da ake sawa cikin burodi a fili, in ba ka ga an rubuta halal ba ka wuce, ka tsaya kan gyaɗa mai ɓawo, wadda ake zubar da ɓawonta a ƙasa ba mai harararka. Bakano bai kamata ya yi ƙauyanci a kan gyaɗa ba. Giya kuwa ana shan ta gaba da baya, ka sani tun yanzu kada abin ya zo maka ba zata, ka nemi kujerar bakin layi in da hali. Wasannin dare kan fara wajen ƙarfe takwas, saboda haka Magariba za ta iya samunku a hanya. Ni na shimfiɗa rigar sanyina a wani lungu kusa da matakala na yi tawa, ba wanda ya ce mini uffan. A tsakiyar zango na bakwai kowa zai miƙe a yi waƙa, ka miƙe kai ma, gwiwa za ta gode.

Batun kuɗi, ba ni zan ce maka ba su da yawa ba. Amma ba daga jarinka za su fita ba, kuma yaro da ke ƙasar mutane ba shi da gona da zai zagaya da kai, ba shi da rumfa da zai shimfiɗa maka darduma. Abin da yake ƙauna ya ɗauko ya ce ga shi, Baba. Ka ce masa wasa ɗaya ya isa, kuma kujerar sama ta wadatar, a can ne ma ake ganin yadda masu tsaron fili ke jujjuyawa. Kunya kuwa, ku tafi da mutum na uku a sa shi tsakiya. In ƙwallo ta tsallake katanga ya daka tsalle ya manta da kai, ka kalli allo kamar ba ka gani ba.

TAMBAYA

Malam, ina da gidan kallon ƙwallo a Kurna. Me ya sa masu besbol ba sa yin wasan ƙarshe guda ɗaya kamar na Zakarun Turai a huta? Kuma in na saka shi zan samu 'yan kallo?

Wani matashi daga Kurna

AMSA

Ƙanena, saboda mai jifa. Wanda ya fara wasa yau hannunsa na bukatar hutun kwana huɗu ko makamancin haka, shi ya sa kowace ƙungiya ke da wajen biyar tana juya su. Wasa ɗaya mutum ɗaya zai auna, bakwai ne ke auna ƙungiya. Ko a hakan ma abin ba ya jin lissafi. Seattle ta ci wasa 116 a 2001 amma ba ta kai World Series ba. A 2019 Washington da Houston sun buga bakwai, ba wadda ta ci ko ɗaya a gidanta.

'Yan kallo kuwa, kada ka ƙona man janaretonka. Ƙarfe takwas na daren Niyok ƙarfe ɗaya ne na dare a Kano. Ni kaɗai na san na yi wannan haukan, daren 2 ga Nuwamba 2016 wayewar 3 ga wata, wasa na bakwai tsakanin Cubs da Cleveland. Ina tsakar gida kan tabarma da waya da gwangwanin maganin sauro, data na zuba kamar rariya. Cubs na gaba shida da uku a zango na takwas, Cleveland ta farke duka. Aka gama na tara shida da shida, sai ruwan sama ya sauko, aka ja tamfol aka rufe fili minti 17, daidai lokacin da ladanin unguwarmu ya fara gyaran murya. Na ga Cubs ta ci biyu a zango na goma, na kife wayar na tafi masallaci, kuma Allah ya yafe mini abin da zuciyata ta riƙa lissafawa a raka'ar farko. Na dawo saura mutum ɗaya a fitar. Takwas da bakwai aka tashi, bayan shekara 108.

Kwana biyu bayan nan mai masaukina ya turo mini hoto ta WhatsApp. Mutanen Shikago sun cika bangon filin Wrigley da sunayen iyayensu da kakanninsu da suka mutu ba su gani ba, da alli. Ga dattijon nan a kan wata 'yar kujerar roba, ɗan Gwammaja na riƙe masa ƙafarta, yana miƙa hannu can sama inda ya samu sauran wuri.