Rage hasken allon matuƙi: wace na'ura ta dace?

Tambaya: Ni mai gyaran kayan lantarki ne a Jos, ina haɗa kwaikwayon ɗakin matuƙin jirgin sama a gida. Na sa fitilun LED masu bolt 12 a bayan allon, na haɗa su da riyostat, wato makunnin da ake murɗawa don rage ƙarfin wuta, amma idan na murɗa sai hasken ya ɗan ragu, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya, riyostat ɗin kuma ya yi zafi. Me ya kamata in saya?

Amsa: Malam, ba ka yi kuskure a haɗin waya ba, kayan biyu ne ba zamaninsu ɗaya ba. Tsofaffin ƙananan jirage da riyostat suke rage hasken allo, domin ƙwayayen fitilunsu masu zare ne, irin waɗanda ke dusashewa sannu a hankali idan wuta ta ragu, abin da aka rage kuwa ya zama zafi a jikin riyostat ɗin. Daga baya masu ƙera jirage irin su Cessna suka mayar da nauyin kan taransista da aka ɗaure a farantin alminiyom mai shan zafi, makunnin da matuƙi ke murɗawa ya zama mai ba da umarni kawai. A manyan jiragen fasinja kuma, taransifoma ce ke sauke wutar jirgin mai bolt 115 zuwa bolt 5 ko ƙasa da haka domin ƙananan ƙwayayen da ke cikin allon.

LED ba haka halinsa yake ba. Farin ƙwan LED guda yana buƙatar kimanin bolt 3, kuma da zarar wuta ta gaza haka sai ya mutu. Saboda haka ka sayi na'urar da ake kira PWM, wadda ke kunna fitila tana kashewa ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa ɗaya, ido bai gani ba. Idan lokacin kunnawa ya fi tsawo haske ya ƙaru, idan ya gajarta ya ragu, zafin da take yi kuma kaɗan ne. Ka duba cewa amfiyar da aka rubuta a jikinta ta zarce abin da fitilunka ke ja, sannan ka gwada ta a ɗaki mai duhu kafin ka biya, domin ingancinta a can ƙasan haske ake gane shi. Wannan ne ya fi damuna, tunda ido yana ɗaukar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, matuƙi kuma da dare hasken da ya isa karanta allo kawai yake nema.

Tambaya: Ina koyon gyaran jirage a Abuja. Za a iya sa irin wannan na'ura ta kasuwa a ƙaramin jirgi na gaske?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Yawancin ƙananan jiragen zamani bolt 28 suke amfani da shi, ba 12 ba, kuma saurin kunnawa da kashewar na'ura maras kariya yana iya jefa ƙara cikin rediyon da matuƙi ke magana da hasumiya. Kayan da za a ɗaura wa jirgi dole ne su zo da takardar amincewa, injiniya mai lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) ya sa hannu a littafin jirgin. Ka kai maganar ga injiniyan da kake ƙarƙashinsa, ku duba lambar kayan a kundin kamfanin da ya ƙera jirgin.